Kwana Ɗaya A Gindin Ben Nevis

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya ya san dusar ƙanƙara tun kafin ya taɓa ta da hannunsa. Marigayi Yash Chopra ne ya fi kowa koya mana ita, domin shi ne ya kwashi Sridevi zuwa tsaunukan Suwizalan a fim ɗin "Chandni" a 1989, sannan ɗansa Aditya ya kai Shah Rukh Khan da Kajol can a "Dilwale Dulhania Le Jayenge" a 1995. Jaruma na juyi da tufafi shara-shara, jarumi na ware hannuwa, ba mai tari, ba mai majina. Su kuma Amurkawa suka zo da nasu salon. A "Cliffhanger" na 1993, Sylvester Stallone da 'yar shimi yake hawan dutse cikin ƙanƙara, a "Vertical Limit" na 2000 kuwa tsalle ake daga wannan dutse zuwa wancan kamar birai. Abin da finafinan Amurkan suka dasa mana a zuciya shi ne igiya. Wanda yake ƙaunarka shi ne wanda ya ɗaure ƙugunsa da naka, in za a mutu a mutu tare. Da wannan karatun na je Sikotland, kuma wani dattijo ya warware mini shi cikin kwana ɗaya.

Ina karatu a Glasgow ne a lokacin. Dattijon tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya haura shekara 60, kuma tun yana saurayi yake hawan duwatsun ƙasarsu. Sai da ya yi makonni yana fita da ni ƙananan tuddai, yana koya mini tafiya da ƙarafunan nan masu haƙora da ake ɗaura wa ƙasan takalmi, da yadda mutum zai kifa ƙirjinsa a kan gatarin ƙanƙara ya tsayar da kansa idan santsi ya kwashe shi, kafin ya ce mini a wani watan Fabrairu, "Ɗan samari, shirya kayanka, za mu kwana a gindin Ben."

Ben Nevis shi ne dutse mafi tsawo a duk Birtaniya, amma kada mai karatu ya zaci wani abin a-zo-a-gani ne a lissafi. Mita 1,345 ne kacal. Dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba ya fi mita 2,400, garin Jos ma da ake kwana ana tashi a cikinsa yana wajen mita 1,200. Abin da ya sa Ben Nevis ya zama abin tsoro shi ne inda Allah ya ajiye shi: can arewa, dab da teku, inda iskar Atlantika take fara cin karo da shi ɗauke da ruwa. Ta gefen yamma hanya ce da dubban mutane suke bi da bazara, har da yara. Ta gefen arewa kuwa bango ne baƙi ƙirin, tsattsage da kwazazzabai da ƙanƙara take cikewa da hunturu. Turawan ba su wahalar da kansu wajen raɗa wa wasu suna ba, lamba kawai suka ba su: na biyu, na uku, na huɗu, na biyar. Namu shi ne na huɗu, wanda ya fi duka sauƙi.

Mun bar mota a Torlundy, kusa da garin Fort William, bayan azahar. Muka ratsa daji, muka bi wani rafi da ke gangarowa daga dutsen, kowa da jakarsa kamar ɗan dako. Da la'asar sakaliya muka iso wata bukkar dutse ta ƙungiyar mahaya duwatsun Sikotland, wadda aka gina a 1929 don tunawa da Charles Inglis Clark, wani mahayin dutse da ya mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai da izini tun kafin a zo ake kwana a ciki, mu kuwa tanti muka ɗauko. Dokar ƙasar ta 2003 ta yarda mutum ya kafa tantinsa a irin wannan daji, muddin zai bar wurin yadda ya same shi.

To, a nan ne abin da fim yake yankewa ya fara. Jama'a, kwana a kan ƙanƙara aiki ne! Sai ka tattake wurin da ƙafa har ya yi tauri. Turakun tanti ba sa kamawa, sai dai ka binne su a kwance ko ka ɗora musu duwatsu. Ruwan rafin da muka ɗebo, kafin mu gama kafa tantin har samansa ya fara daskarewa a tukunya. Takalmi ba a barin sa a waje, ciki ake shiga da shi, in ba haka ba da safe ka tarar da itace. Batirin tocila da na waya kuwa cikin buhun barci suke kwana, a jikin mutum, kamar jariri. Rana ta faɗi da wajen ƙarfe biyar, kuma ba za ta dawo ba sai kusan takwas na safe. Wato dare ne na fiye da sa'a 14, mutum biyu a wurin da bai fi faɗin tabarma biyu ba.

Na yi alwala da ruwan da muka ɗumama a ɗan murhun gas, na ari kamfas ɗin dattijon na nemo alƙibla, na yi Magariba da Isha a zaune saboda rufin tantin bai kai a miƙe ba. Bai ce komai ba, illa dai ya juya baya ya ci gaba da dafa taliya. Bayan mun ci ne ya fito da rahoton da ma'aikatar lura da zaftarewar ƙanƙara ta Sikotland take fitarwa kullum da hunturu, mai matakan haɗari guda biyar, ya karanta mini shi kamar mai karanta wasiƙar gida.

Ga yadda ya fahimtar da ni. Iska a wannan yanki galibi daga kudu maso yamma take zuwa. Sai ta share dusar da ke saman dutsen ta zubo ta cikin kwazazzaban arewa da na gabas, ta danne ta ta zama kamar falanki a kan tsohuwar ƙanƙara. Idan sabuwar ba ta kama tsohuwar ba, nauyin mutum ɗaya ya isa ya ɓalle falankin gaba ɗaya, ya tafi da duk wanda ke kai da wanda ke ƙasa. Ya ɗaga ƙofar tantin ya haska mini wajen da kwazazzabo na biyar yake, can sama da mu. A watan Maris na 2019, ƙanƙara ta zaftaro daga cikinsa ta kashe mahaya uku, biyu 'yan Faransa, ɗaya ɗan Suwizalan. Ya ce, "Gobe za mu wuce ta ƙarƙashinsa. In na ce maka sauri, ka yi sauri, kada ka tsaya ɗaukar hoto."

Ban yi wani barcin kirki ba. Iska tana dukan tantin kamar ana kakkaɓe tabarma, numfashinmu yana daskarewa a rufin yana zubo mana a fuska. Na tuna gida, na tuna yadda muke kukan sanyin hunturu a Kano muna kewaye wuta, sai dariya ta kama ni ni kaɗai cikin duhu.

Da asuba muka tashi da tocila a goshi da hular kwano. Mun wuce bakin na biyar ba tare da ko tari ba, muka hau cikin wani kwari mai kama da ƙwarya, wanda bangaye suka kewaye. A gindin kwazazzabon namu dattijon ya tsaya ya haƙa rami da gatarinsa, ya shafa gefen ramin da yatsa yana duba hawa-hawan dusar kamar mai duba ƙullin waina. Ya bubbuga, ya tura, bai ga ta motsa ba. Sannan ya ce mu tafi.

Ni kuwa na tsaya ina kallon igiyar da ke naɗe a kafaɗarsa. Na ce, "Baba, ba za mu ɗaura ba?"

Ya ce a'a. Wallahi sai da gabana ya faɗi, har na ji kamar ya raina ni ne, ko kuma ba ya son ya haɗa ransa da nawa. Sai ya yi mini bayani a taƙaice. Igiyar da ba a kafe ta a jikin dutse ko cikin ƙanƙara ba, ba ta ceton kowa a irin wannan gangare. Idan na zame, kafin ya ankara na fizge shi, gawa ta zama biyu. Ya ce, "A nan ƙafarka da gatarinka su ne igiyarka, kuma na ga yadda kake amfani da su, shi ya sa na kawo ka. Inda igiya za ta yi amfani, zan ɗaura maka."

Masu kallo za su tuna "Touching the Void", fim ɗin 2003 da aka yi kan abin da ya faru da Joe Simpson da Simon Yates a dutsen Siula Grande na ƙasar Peru a 1985. Simpson ya karye a ƙafa, Yates yana zura shi da igiya har ya rataya a sarari, nauyinsa yana jan Yates zuwa halaka, sai Yates ya sa wuƙa ya yanke igiyar. Duka biyun sun rayu, kuma Simpson da kansa ya riƙa kare abokin nasa daga masu zaginsa. Lokacin da na fara kallon fim ɗin, na ɗauki Yates maci amana ne, kamar yadda duk wani marubucin littafin soyayya zai rubuta shi. A gindin kwazazzabon nan ra'ayina ya sauya, har yau kuma bai koma ba.

Hawan kansa ba shi da wani labari mai yawa. Ka kafa gatari, ka harba ƙafar dama, ka harba ta hagu, ka numfasa. Ba ka ganin tsauni, ba ka ganin sama, ƙasan takalmin wanda ke gabanka kawai kake gani, da ɓarɓashin ƙanƙara da ke wucewa ta tsakanin ƙafafunka zuwa inda ba ka son dubawa. Bangaye biyu suka matso, gangaren ya ƙara miƙewa.

A can ƙarshe akwai abin da iska take ginawa a bakin kowane kwazazzabo, wani leɓen ƙanƙara da ke leƙowa kamar rumfar shago, ƙarƙashinsa ba komai. Nan dattijon ya sare mini wurin tsayawa, ya ɗaura mini igiyar, ya bi ta gefen da leɓen ya fi ƙanƙanta ya ɓace. Na yi minti goma ko fiye ni kaɗai, ina jin bugun zuciyata a cikin hular kwano. Ashe can sama binne gatarinsa yake yi a kwance cikin ƙanƙara, ya naɗa igiyar a jikinsa, ya haƙa wurin zama ya dasa dugadugansa. Sai da ya gama duk wannan na ji an ja igiyar. Na hau, na fito da ciki kamar kada, iska ta mare ni.

Daga nan muka bi fili zuwa ƙololuwa cikin hazo fari fat, yana gaba da kamfas yana ƙirga taku, saboda bakin bangon yana hagunmu kuma ba a ganinsa. A saman akwai kangon tashar nazarin yanayi da ta yi aiki daga 1883 zuwa 1904, inda mutane suka riƙa kwana suna auna iska da sanyi kowace sa'a. Ɗaya daga kwazazzaban da ke kusa ana kiransa Gardyloo, kalmar da mutanen Edinburgh na da suke kirari da ita kafin su watso ruwan datti ta taga, domin nan ne ma'aikatan tashar suke zubar da shararsu. Muka raɓe a jikin kangon muka sha shayin da ya rage a fulas, wanda ya riga ya huce. Dattijon ya duba agogo, ya ce saura sa'a biyar rana ta faɗi, kuma tantinmu yana can ƙasa yana jiran a naɗe shi.