A-kori-kura: Ba Dole Gaba Da Baya Su Zo Daidai Ba

Duk wanda ya dubi motar a-kori-kura daga gefe lokacin da ba ta ɗauke da kaya zai ga bayanta ya ɗan fi gabanta tsawo, kamar raƙumin da ya fara miƙewa da ƙafafun baya. Da yawa daga cikin masu irin wannan mota suna ɗaukar hakan a matsayin aibi, shi ya sa yayin ɗaga gaba don ya yi kai ɗaya da baya ya kama, har ga motocin da tuni aka ƙara musu tsawo. Ni kuwa ina ganin wannan aiki ne da ya kamata a yi wa dogon tunani, domin abin da ido ke kira karkata, lissafi ne na waɗanda suka ƙera motar.

Kamfani yakan bar bayan motar da fifikon inci ɗaya zuwa uku saboda kaya. Hilux, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1968, tana ɗaukar nauyin da ya kai kusan tan guda, wato buhun masara goma mai kilo 100. Idan aka yi lodi, sifirin ɗin baya ya kwanta, sai motar ta zo daidai. Wanda ya daidaita ta tana wayam, ranar da ya loda mata kaya gindinta zai zauna, hancinta ya dubi sama.

Tawa Hilux ɗin na same ta ne a hannu na biyu, mai ita na farko ya riga ya ɗaga ta inci biyu, ya kuma ƙara ganyen sifirin a baya. Da ita nake kai taki gona, in kwaso amfani da kaka. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, samarin gareji sun ba ni shawarar a sa mata zoben ƙarfe a saman shokozoba na gaba, wai don tsayuwarta ta yi kyau. Ban yarda ba, kuma ina da dalilai uku.

Na farko shi ne ƙafar gaba. Hilux ta zamani, tun daga ƙirar 2005, kowace tayar gaba tana da hannayenta biyu na ƙarfe, tana hawa da sauka ita kaɗai. Tafiyar da hannayen nan za su iya yi tana da iyaka, kuma ɗagawar farko ta riga ta ci wani kaso daga ciki. Idan aka ɗora wata a kai, sandunan da ke kai wa tayoyin gaba ƙarfin inji sai su yi aiki a karkace, robar da ke rufe gaɓoɓinsu ta yage, man giris ya zube, yashi ya shiga. Ga wani abu kuma da ba kowa ya lura da shi ba: saboda shokozoba yana zaune ne a tsakiyar hannun, zobe mai kaurin inci ɗaya yakan ɗaga motar kusan ninki biyu. A Ostareliya, inda Hilux ta daɗe cikin motocin da aka fi saye, ƙa'idojin gyaran mota sun ɗauki milimita 50, kusan inci biyu ke nan, a matsayin abin da mutum zai ɗaga ba tare da takardar injiniya ba.

Na biyu shi ne fitila. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Hilux akwai mita uku da ɗoriya kaɗan. Idan baya ya nutse da santimita biyar, hasken fitila zai tashi da kusan santimita 80 a nisan mita 50. Hasken da aka saita ya faɗa kan kwalta sai ya koma cikin idon direban da ke tahowa. Wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Daura ko Maraɗi zuwa Damagaram da dare ya san abin da makantar daƙiƙa biyu ke iya jawowa, musamman inda masu babur da amalanke ke bin gefen titi.

Na uku shi ne sitiyari da birki. Idan nauyi ya koma baya, tayoyin gaba, waɗanda su ne ke juya mota kuma su ke ɗaukar mafi yawan aikin birki, ba sa kama ƙasa yadda ya kamata. Kowane incin da aka ƙara kuma yana kai nauyin motar sama, ya sauƙaƙa mata kifewa a kwana. Mujallar motoci ta ƙasar Siwidin, Teknikens Värld, ta gwada Hilux a gwajin kauce wa hatsari a 2007 da kuma 2016, duka biyun motar ta ɗaga ƙafafu biyu, alhali ba wanda ya ƙara mata tsawo. A Amurka, inda yayin ɗaga a-kori-kura ya fi ƙarfi, samari sun ƙirƙiro salon ɗaga gaba sosai a bar baya a ƙasa. Jihar Karolina ta Arewa ta haramta shi a 2021 ga motar da gabanta ya fi bayanta da inci huɗu ko sama da haka, jihar Bajiniya ta bi sahu a 2022 bayan wani hatsari da ya ci rai.

Ba ina cewa kada a taɓa daidaita mota ba ne. Akwai wadda gabanta ya zauna saboda sifirin ya gaji, ko don an ɗaura mata babban ƙarfen kariya a gaba. Maganin wannan sabon sifirin ne da ya dace da nauyin, ba zobe ba. Akwai kuma wadda bayanta ya yi tsiri saboda an cusa mata tubalin ƙarfe tsakanin sifirin da sandar tayoyin baya. Ita wannan, rage bayan ya fi ƙara gaban sauƙi da aminci. Abin da zai bambanta maka su shi ne awo. A ajiye motar a daɓe mai shimfiɗa, iskar tayoyi daidai, a auna daga cibiyar kowace taya zuwa bakin bodin da ke samanta. A sake aunawa bayan an ɗora mata kayan da ta saba ɗauka. Awo na biyun ne ke faɗin gaskiya. In an yi aikin kuma, wajibi ne a saita tayoyi, a saita fitila, kafin a hau titi.

Direbobin Agadas da ke ratsa hamada sukan ƙara ganyen sifirin ne don sun san nauyin mai da ruwa da fasinjan da za su ɗauka, ba don a yaba tsayuwar mota a tasha ba. Tambayar da ya kamata mai a-kori-kura ya yi wa kansa ke nan kafin ya ba bakanike izini: me nake ɗauka, wace hanya nake bi? In amsar ita ce kyan gani kawai, to a tuna cewa garin neman gira ake rasa ido, kuma a kan titi idon da za a rasa ba lallai ne ya zama na mai motar ba.