Kilo 3,500 da abin da sikeli ya gaya mana

Ban taɓa jin tsoro a mota irin na wannan yammacin ba, a kan babbar hanyar Stuart, arewa da Port Augusta a Ostireliya. Ina zaune a gaba kusa da wani abokin aikina, Bature ɗan ƙasar, wanda ya nemi in raka shi Coober Pedy. Muna jan karaban, wato ɗakin nan mai tayoyi da mutanen Ostireliya ke ɗaura wa mota su shiga daji da shi, da gado da murhu da banɗaki duk a ciki. Hanya miƙe sak, ba gida gaba ba gida baya, sai jar ƙasa da gajerun bishiyoyi. Can sai ga tirela mai bodi uku ta tunkaro mu, irin waɗanda tsawonsu kan kai mita 53.5. Tana giftawa iskarta ta buge mu. Na ji bayan motar ya fizga hagu, ya dawo dama, ya sake komawa hagu da ƙarfin da ya fi na farko. A madubi na hango karaban ɗin yana lilo, ya cika hanya. Bakina ya bushe ƙayau. Salati kawai nake yi.

Abokin nawa bai taka birki ba. Ya ɗage ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari gam, ya sa ɗan yatsa ya danna wani maɓalli da ke kama birkin karaban ɗin shi kaɗai. Sai na ji an ja mu ta baya, lilon ya ragu, ya mutu. Da muka tsaya a gefe hannunsa rawa yake yi, ƙudaje sun yanyame mana fuska, ba wanda ya kore su. Ya zagaya baya ya tsaya yana kallon safaya biyu da akwatin kayan aiki da jarkoki huɗu na ruwa da ya jera a can ƙarshen karaban ɗin. Ya ce su ne. Muka yi ta jidar jarkokin muna shigar da su ciki, daidai kan tayoyi. Na taya shi, amma gaskiya ban fahimci abin da muke gyarawa ba. A tunanina na lokacin, in dai inji zai iya jan kaya, magana ta ƙare.

Tsoron bai kashe mini sha'awa ba. Na ga sararin dajin nan da dare, na so 'ya'yana su gan shi. Motarmu Ford Ranger ce mai ƙofa huɗu, mai injin lita 3.2, kuma takardunta sun ce tana iya jan kilo 3,500. Da wannan lamba a bakina muka je wani baje kolin karaban a Adelaide. Mai sayarwa ya tambayi irin motata, na faɗa masa, ya yi murmushi ya kai mu gaban wani ƙato mai taya huɗu, ƙirar shiga daji, wanda iyakar nauyinsa in an cika shi kilo 3,500 ne cif. Har yanzu ina jin ƙamshin sabon katakon cikinsa. Da injin wanki, da wurin wanka wadatacce inda mutum zai yi alwala ba tare da ya buga gwiwar hannu a bango ba. Maman yara ta buɗe durowoyi ɗaya bayan ɗaya tana shafa su. Yara har sun raba gadaje. Mutumin bai yi mini ƙarya ba, lambar gaskiya ce. Ni ne ban san cewa tana da 'yan uwa ba.

Da na buga wa abokin nan waya ina murna, abu ɗaya ya roƙe ni: kada in sa hannu a komai sai na ɗora motar a sikeli, da mu duka a ciki.

Muka cika tanki, muka saka firji da kujeru da akwatin kayan gyara da duk abin da ba za a bari a gida ba, muka nufi sikelin manyan motoci. Dama na riga na sa wa motar ƙarfen kariya a gaba saboda kangaru, da rumfa a baya, da batir na biyu. Wani dattijo mai kula da wurin ya miƙo mini takarda: kilo 2,780. Ya tambayi me nake shirin ja, na gaya masa. Bai ce uffan ba, ya karɓi littafin motar ya buɗe a kan bonet, ya ɗauko biro.

Ya fara da lambar da ban taɓa lura da ita ba. Mota da abin da take ja, in an haɗa su, kada su wuce kilo 6,000. Ya rubuta 2,780, ya ƙara 3,500 a ƙasa, ya ja layi. 6,280. Mun zarce da kilo 280 tun ba mu bar gari ba. Sannan ya nuna ta biyu: motar ita kanta, da duk abin da ke danna ta, iyakarta kilo 3,200. Harshen karaban, wato ƙarfen gabansa da ake maƙala wa mota, yana sauke kusan kashi goma cikin ɗari na nauyinsa a kan ƙugiyar mota, kuma a lissafin motar ake sa wannan. Kilo 350 ke nan a kan 2,780, saura 70 kacal. Ya ƙara da cewa tun da ƙugiyar tana can bayan tayoyin baya, abin da ke sauka a kansu ya fi 350 ɗin, kuma gaban motar kan yi sauƙi, alhali da tayoyin gaba ake juya sitiyari. A nan ne, ina tsaye cikin warin dizal, jarkokin hanyar Stuart suka faɗo mini a rai. In nauyi ya taru a can baya, harshen ya yi sakayau, karaban ya kama lilo. In ya taru a gaba, ya danne mota. Tsakanin biyun nan ake neman tsira.

Maman yara ta leƙo ta taga ta ce, "Baban yara, wato ko mu ko ɗakin?" Na ce haka lissafi ya nuna. Motar za ta ja kilo 3,500 ɗin, amma sai in kusan ba kowa da komai a cikinta ban da direba. Muka koma gida shiru. Ƙaramarmu ta yi kuka, ni ma raina bai yi daɗi ba.

Daga nan na koyi karanta ɗan allon ƙarfen da ke manne a jikin kowane karaban. Akwai nauyinsa wayam, akwai iyakar nauyinsa a cike, kuma tazarar da ke tsakani ita ce rabonka. Masu shiga daji tun daga masana'anta suke da nauyi, saboda kaurin ƙarfen ƙasansu da manyan sifirin da garkuwar duwatsu da batura da farantan sola. Wani za ka ga girmansa ya burge ka, amma abin da ya rage maka na kaya bai taka kara ya karya ba. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, ba ragi. Tukunyar gas mai cin kilo 9, in ta cika, nauyinta kan kusa ninka haka. Sau da yawa kuma abin da aka ƙara wa karaban bayan an buga allon ba ya cikin lambar da ke rubuce. Na kuma san dokar ƙasar: abin ja da ya wuce kilo 750 dole ya kasance da birkinsa, wanda ya wuce 2,000 kuwa sai da birki a duk tayoyi, da na'urar da za ta tsayar da shi in ya kwance daga mota.

Wanda muka saya mai taya biyu ne, rufinsa ɗagawa ake yi in an sauka. Iyakarsa kilo 2,500. Babu injin wanki, murhun a waje yake, gadajen yara kuma matsattsu ne. Na sa sharaɗin a auna shi a gabana kafin in biya. Da muka loda shi da ruwa lita 160 da abinci da barguna, muka koma wurin dattijon: karaban 2,400, nauyin harshe 230, jimillarmu 5,180. Ya ɗaga mini babban yatsa.

Da sanyin watan Yuli muka hau hanyar Oodnadatta, wadda ta tashi daga Marree zuwa Marla, sama da kilomita 600 na tsakuwa, mafi yawanta na bin tsohon layin dogo na Ghan. A Marree mun tsaya wurin ɗan masallacin laka da aka sake ginawa don tunawa da Musulmi masu raƙuma da suka yi jigilar kaya a hamadar nan tun ƙarni na 19, na yi musu addu'a. Muka rage iskar tayoyi, muka shiga. Gargadar hanyar nan sai wanda ya sha ta. Haƙora na haɗuwa, ƙura na shiga ta inda ba ka zata ba, murfin tukunya na kwancewa da kansa. Kowane kilo da ka ɗauko, gargada za ta buga shi a kan sifirin da taya sau dubbai kafin ka kai William Creek. A wani kwari motar ta ɗan zame a kan tsakuwa, gabana ya faɗi, na kai yatsa kan maɓallin nan. Ban danna ba. Karaban ɗin ya biyo mu salin-alin, domin motar ta fi shi nauyi, ita ke da iko a kansa. Na dubi madubi na ga yara suna barci.

Ɗan'uwa, in kana ƙasar nan kuma zuciyarka ta raya maka sayen karaban, kada ka fara da wurin masu sayarwa. Ka cika tanki, ka ɗebi iyalinka da kayanku, ka hau sikeli. Ka cire abin da ya nuna daga iyakar da littafin motarka ya rubuta, ka bar rara mai kauri, sannan ka je neman ɗakin da zai shiga cikin abin da ya saura.