Numfashi Amana

A ƙasar Gumel, inda babu kogi mai gudana, tun daga Gagarawa da Sule Tankarkar har Maigatari a bakin iyaka, damina ce kaɗai ke koya wa yara nutso, domin idan ruwan Agusta ya cika kududdufai, sai ka ga yaro ya ja numfashi, ya toshe hanci da yatsu biyu, ya nutse cikin ruwan da bai fi tsayin mutum ba, sa'an nan ya fito da laka a hannu, shaidar cewa ya taɓo ƙasa. Ɗan lokacin nan da ya ɓace wa ido shi ke sa ni tunani, saboda komai ƙwarewar mai nutso, ko da masuncin Argungu ne mai bin kifi da homa a kogin Matan Fada, jarinsa bai wuce abin da ƙirjinsa ya ɗauka ba. Har bayan da Kusto da Ganyan suka ƙera na'urar shaƙar iska a Faransa a 1943, mutum ya riƙa goyon tulun iska, hukuncin bai sauya ba, gama iskar ƙidayayya ce, kuma wajibi ne ya hauro sannu, don gaggawa tana iya halaka shi. Mu da ke tudu yalwar ni'ima ce ta gafalar da mu, alhali kowane numfashi amana ce da Mahalicci ya ƙididdige tun fil'azal, kuma mai hankali shi ne wanda ya lura da inda yake kashe nasa kafin ajali ya riske shi.