Ranar da Malam ya juya da mu daga dutsen Gwoza

Yaron da ya tashi a Gomari bai san dutse ba. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, yashi ne da dogon yaro da ƙarar jiragen da ke sauka a filin jirgin sama kusa da mu. Tsakuwar da magina ke kwaɓa kankare da ita ma, a lokacin yarintarmu, a tifa ake kawo ta daga wajen Pulka. Tudun da Maiduguri ke da shi kaɗai shi ne dogon tudun yashin nan da ya ratsa gari ya miƙe zuwa Bama, wanda masana suka ce gaɓar Tafkin Chadi ce a zamanin da ruwansa ya mamaye ƙasar nan, kuma mutum kan hau shi da keke bai san ya hau komai ba. A irin wannan wuri ne wani bawan Allah ya ɗaura aniyar koya mana hawan dutse, a farkon shekarun 2000, muna sakandare.

Malam kawai muke ce masa. Ya yi aikin soja ya bari, ya koma horar da yara a ƙungiyar Man O' War. Gajere ne, marar jiki, kuma muryarsa ba ta tashi, har sai ka matso kafin ka ji abin da yake faɗa. Duk Asabar bayan sallar asuba muna haɗuwa da shi a wani fili a unguwa. Iyayenmu da farko sun ɗauka wasan soja ne, wato fareti da ihu da tsallen kwaɗo. Abin da ya kwantar musu da hankali shi ne kafin ya rubuta sunan yaro a littafinsa sai ya je gidansu da ƙafarsa, ya zauna a zaure da uban, ya tambayi ko yaron yana da asma, ko sikila, ko farfaɗiya, ko akwai maganin da jikinsa ba ya so. Duk yana rubutawa. Littafin nan ba ya rabuwa da aljihunsa, a naɗe cikin leda.

A filin ya koya mana ƙullin igiya iri-iri: wanda ake haɗa igiya biyu da shi, wanda ake ɗaura wa mutum a ƙugu ba tare da ya shaƙe shi ba, wanda ake kama reshe da shi. Ya koya mana yadda ake haɗa gadon ɗaukar marar lafiya da sanda biyu da riguna, da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, da karanta taswira, da riƙe kamfas nesa da ƙarfe. Yakan zana tudu da kwari a yashi da tsinke ya ce mu nuna masa inda ruwa zai bi in an yi sama. Amma a wurinsa ba ka iya abu ba sai ka koya wa wani yana kallo. In ka ƙulla igiya daidai ya ce, “To, kira ƙaninka can, nuna masa.” In ƙanin ya kasa, kai za a sake wa darasi.

Shi ne ya fara ba mu tarihin ƙungiyar, kuma daga baya na karanta na tarar haka yake. Wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Alec Dickson ne ya kafa cibiyar horon a 1951, a bakin teku kusa da garin Victoria a Kudancin Kamaru, a wani mashigin ruwa da ake kira Man O' War Bay. Ya ɗauko tsarin ne daga makarantar Outward Bound da Kurt Hahn da Lawrence Holt suka buɗe a Wales a 1941. Samari daga ko'ina a Nijeriya sukan je can su koyi iyo da tuƙin kwalekwale da aikin gayya, su hau Dutsen Kamaru mai tsawon fiye da mita 4,000. Da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1961, Kudancin Kamaru ya zaɓi haɗewa da Jamhuriyar Kamaru, sai cibiyar ta yi ƙaura zuwa tudun Filato, ta zauna a Kurra, daga baya ta koma duwatsun Shere a gefen Jos. A can Malam ya yi nasa horon. Wannan ƙuri'ar dai ita ce ta shigo da Arewacin Kamaru cikin Nijeriya, har da Dikwa da Bama da Gwoza. Malam yakan ce ƙuri'ar da ta raba mu da wancan dutse ita ta ba mu wannan, don haka ba mu da uzurin ƙin saninsa.

Bayan kaka, da sanyin hunturu ya fara sauka, muka kama hanya a bas: Konduga, Bama, muka haye gadar Yedzaram, sai Pulka. Tun kafin Pulka surutu ya mutu a motar, kowa ya manne da taga. Ban taɓa tunanin ƙasa za ta iya tashi ta tare sama haka ba. Duwatsun Gwoza reshe ne na duwatsun Mandara da suka raba mu da Kamaru, wasu ƙololuwansu sun kai kimanin mita 1,300, mu kuwa daga gari mai mita ɗari uku da 'yan kai muka fito.

Abin da Malam ya fara yi a Gwoza ya ba mu mamaki. Mutumin da ya hau Shere, ga taswira ga kamfas, sai ya ƙi taka dutsen sai da ya je ya gaida mai unguwar da ke gindinsa, ya nemi izini, ya roƙi a haɗa mu da ɗan gari. Aka kawo wani dattijo manomi, da silifas ɗin taya a ƙafarsa da sanda a hannu. Malam ya rusuna ya gaishe shi, ya juyo gare mu ya ce, “Daga nan har mu sauko, abin da Baba ya ce shi ne magana. Ni ma ɗalibinsa ne yau.”

Da asuba ya jera mu. Ya duba ƙafar kowa da takalminsa, ya girgiza jarkar kowa ya ji nauyinta, ya ba kowa lamba da abokin tafiya. Sannan ya yi wani tsari da ya ɓata wa ƙarfafan cikinmu rai: ya ɗauko yaron da ya fi kowa rauni, wani siriri mai saurin haki, ya sa shi bayan Baba kai tsaye. Ƙarfafa ya tura su baya. Shi kansa ya tsaya a ƙarshen layi. Sai ya nuna agogonsa ya ce, “Samari, ku ji da kyau. In azahar ta yi, duk inda muke, ko da hannunmu na kan ƙololuwa, juyowa za mu yi.” Muka ce mun ji. Ba wanda ya ɗauki maganar da nauyi.

Hawan kansa makaranta ne. Mutanen dutsen, Dghweɗe da Guduf da Glavda da sauransu, sun jera duwatsu hawa-hawa tun kakanni, suka tare ƙasa da ruwa, suna noma dawa da gero da wake a inda ɗan Maiduguri zai rantse ko akuya ba ta tsayawa. Baba ya hana mu taka gefen jeren, domin dutse ɗaya in ya zame, damina na zuwa ta kwashe ƙasar gonar mutum. A wani wuri ya kauce da mu daga wani ɗan kurmi mai manyan itatuwa, ya ce wurin na mutanen wannan tsauni ne, baƙo ba ya shiga. Hanyar da ya bi da mu ta fi nisa. Malam bai tambayi dalili ba, mu ma ya hana mu tambaya.

Daga baya muryarsa ke zuwa, a hankali, lokaci-lokaci. Taku gajere. Kurɓi ruwa, kada ka kwankwaɗa. Kada ka sa hannu a kogon da idonka bai ga cikinsa ba, kunama da maciji a nan suke kwana. In kana hawa da hannu da ƙafa, uku su kama kafin ɗaya ya motsa. In dutse ya kufce daga ƙafarka, yi ihu ka ce “Dutse!” kada kunya ta sa ka yi shiru na ƙasa ya mutu. Duk inda aka tsaya hutu sai mun ƙirga lamba da ƙarfi, kuma na lura yayin da muke kallon kwari da rema masu gudu a kan duwatsu, shi fuskokinmu yake kallo, da leɓunanmu, da yadda kowa ke ajiye ƙafa. Ya zaunar da wani yaro ya cire masa takalmi tun yaron bai ce komai ba, sai ga bororo ya fara tashi a diddige. Ya manna masa filasta muka ci gaba.

Rana ta take tsaka muna ganin ƙololuwar da muka nufa, kusa ƙwarai, har muna iya rarrabe itatuwan ararrabi da ke kanta. Baba ya ce saura kaɗan. A nan ne siririn yaron nan ya zauna, ya ce kansa na juyawa. Malam ya zo gaba, ya taɓa goshinsa, ya kama wuyan hannunsa, ya sa aka kai shi inuwa aka haɗa masa ruwan gishiri da sukari. Ya dubi agogo, ya ɗaga jarkoki biyu uku ya girgiza. Sai ya ce mu yi taimama mu yi salla, ruwan sha ba na alwala ba ne yau, daga nan mu sauka.

Aka yi ta gunaguni. Babban cikinmu, wanda muke ce wa Yaya, ya matso ya ce, “Malam, don Allah a bar mutum biyu su zauna da shi, mu mu ƙarasa mu dawo. Ko awa ɗaya ba za mu yi ba.”

Malam ya ce, “Idan na bi ku, wa ke tare da shi? Idan na zauna da shi, wa ke tare da ku? Baba mutum ɗaya ne, ni mutum ɗaya ne, ruwanmu ya wuce rabi. Na gaya wa iyayenku zan dawo da ku. Ban gaya wa kowa zan kai ku ƙololuwa ba.”

Bai ƙara ba, bai kuma yi fushi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ya kare yaron. Ya san in aka sauka a haka, har a gama makaranta za a riƙa ce masa shi ya hana mu kaiwa. Sai ya ɗaga agogon kowa ya gani ya ce, “Azahar ta yi. Da safe na faɗa muku.” Ya ɗora juyowar a kan dokar da ya kafa da bakinsa, ya sauke ta daga kan yaron. Ya raba kayan jakarsa a tsakanin ƙarfafan da suka fi gunaguni, ya ba Yaya aikin riƙe igiya a wurin da gangaren ya yi tsanani, nan da nan mai ƙorafi ya zama mai tsaron rayukan 'yan'uwansa. Saukar ta fi hawan wuya, gwiwa na rawa, tsakuwa na zamewa, kuma a nan muka gane abin da ya sa ya bar mana rana da ƙarfi a jiki. Mun iso gindin dutse kafin magariba. Da muka koma Gomari, sai da ya raka kowane yaro ƙofar gidansu ya yi sallama da uban kafin ya wuce nasa gidan.

Daga baya na ga masu horarwa da yawa, a sansanoni daban-daban. Akwai na kirki, akwai kuma waɗanda suka ɗauka horo shi ne wulaƙanci. Na ga wani ya sa yarinya birgima a rana saboda tsoro ya hana ta haye igiya, yana yi mata dariya a gaban jama'a. Na ga wani yana gudu a gaban layi don a ga ƙarfinsa, bai san mutum nawa suka zube a bayansa ba. Raina yana ɓaci da irin wannan har yau, domin yaron da aka kunyata ba ya sake faɗin cewa kansa na juyawa, zai yi shiru ne har ya faɗi, kuma a kan dutse faɗuwa ba ta da sauƙi. Tsanani yana da wurinsa. Malam ma yana da shi: in ka bar abokin tafiyarka, ko ka yi wasa da igiya, ranar ka gama, gefe za ka zauna. Amma ban taɓa ganin ya tsananta don a ji tsoronsa ba.

Mun yi alkawarin komawa mu ƙarasa hawan, ba mu samu ba. Rikici ya ɓarke a Maiduguri a 2009, hanyar Bama ta zama abin tsoro, a watan Agustan 2014 Boko Haram suka kama Gwoza, sojoji ba su ƙwato ta ba sai a watan Maris na 2015. Mutanen Gwoza suka cika Maiduguri, wasu a sansanin Bakassi, wasu a gidajen haya da na 'yan'uwa, har a layinmu.

Ɗaya daga cikinsu ya zama maƙwabcina. Wani dare muna hira a ƙofar gida na ba shi labarin tafiyarmu, shi kuma ya ba ni nasa. Da aka shiga garinsu dutse suka hau, da mata da yara da tsohuwar da ta haife shi. Wani manomi ɗan tsaunin ne ya jagorance su. Da rana yakan ɓoye su a kogo, da dare su yi tafiya ba tocila. Ya san inda ruwa ke kwanciya a ƙarƙashin dutse, ya san hanyar da karnuka ba za su yi haushi ba. Ya hana samari wucewa gaba, ya ce tafiyar tsohuwa za a yi, wanda ya ƙosa ya goyi yaro. In aka tsaya sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana taɓa kawunansu a cikin duhu yana ƙirgawa. Haka ya sauko da su ta ɓangaren Kamaru, inda daga baya aka kai su sansanin Minawao, kafin su samu hanyar dawowa Nijeriya.

Na tambaye shi ko mutumin ya bi su sansanin. Ya ce a'a, ruwa kawai ya sha a bakin iyaka ya juya, domin ya bar wasu iyalai a kogo suna jiransa.