Ƙota Ga Na'urar Gano Ƙarfe

Hausawa sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo. To, mu mutanen Potiskum mun ga na'urar da ke sa ƙarfe ɗaya ya yi amo, ko da makullin babur ne kwance a aljihun mutum. Sikana muke kiranta, kuma duk wanda ya yi sallar Juma'a a garin nan tsakanin 2012 da 2016 ya san kukanta. Ba don sha'awa ta shigo mana ba. A watan Mayun 2012 aka kai hari kasuwar shanu. Ranar 10 ga Nuwamban 2014 bam ya tashi a tsakiyar ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya suna kan layin safe, yara fiye da 40 suka rasu. A farkon 2015 Kasuwar Jagwal ta masu waya da Tashar Ɗan Borno su ma suka ga nasu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Tun daga nan kowane masallaci da coci da makaranta da tasha suka nemi sikana, aka danƙa ta a hannun 'yan agaji da 'yan sintiri.

Ni sana'ata gyaran rediyo, daga baya na haɗa da na waya, shi ya sa duk sikanar da ta yi gardama a Yerimaram teburina take ƙarewa, har wasu daga Dogo Tebo. Abin da shekarun nan suka nuna mini shi ne, a mafi yawan lokuta cikin na'urar lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana wajen yadda aka riƙe ta, da inda aka rataye ta, da abin da aka liƙa mata. A kan wannan nake so mu ɗan tattauna, musamman yanzu da samarinmu suka fara yawo da manyan na ƙasa don nishaɗi.

Sai an san yadda abu ke aiki kafin a san yadda za a yi masa ƙota. A kan na'urar akwai wayar tagulla da aka naɗe zagaye-zagaye. Idan wutar batir ta bi ta cikinta tana kaiwa tana komowa, sai ƙarfin maganaɗisu ya bazu a kewaye. Duk ƙarfen da ya shigo wurin, wata 'yar wuta za ta motsa a jikinsa, shi ma ya mayar da martani da nasa maganaɗisun. Wannan martanin na'ura ke ji ta yi kuka. Ka ga ke nan ba ta san wuƙa ba, ba ta san zoben aure ba, balle ta bambanta ƙarfen da kake nema da wanda kai da kanka ka ɗaura mata.

Wannan darasi tsoho ne. A 1881, da aka harbi shugaban Amurka James Garfield, Alexander Graham Bell, mutumin nan da ake danganta wayar tarho da shi, ya haɗa wata na'ura don gano inda harsashi ya maƙale a jikinsa. Na'urar ta yi ta ƙara amma ba ta nuna wurin ba, kuma cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi har da wayoyin ƙarfe na gadon da shugaban ke kwance a kai. Shekara ɗari da talatin da 'yan kai bayan haka, gardamar da nake yi da 'yan agajin unguwarmu ke nan. Yaro zai tsaya jikin ƙyauren ƙarfe na masallaci, ga agogo a hannunsa, ga rodi a cikin simintin da ya taka, sannan ya zo ya ce, "Baba, sikanar nan ta haukace, kowa ya zo sai ta yi kuka." Sai in ce masa, "Ɗana, matsa taku uku daga ƙyauren, ka mai da agogon ɗaya hannun, ka sake gwadawa." Sau da yawa maganin ke nan, ko kwabo ba a kashe ba.

Abu na farko da muka ƙara wa sikanar hannu shi ne maɗauri. Tana faɗuwa a kan siminti sau biyu sau uku sai murfin batir ya tsage. Wani baduku a kasuwa ya ɗinka mana kube na fata irin na wuƙa, wanda ake ratayawa a ɗamara, da igiyar da ake zurawa a wuyan hannu. Sharaɗi ɗaya na gindaya masa, kada ya sa maɓallin ƙarfe ko ƙusa a ɓangaren da ke rufe kan na'urar, ɗinki kawai. Na biyu shi ne batir. Irin su Garrett da kwaikwayonsu da suka cika kasuwa ɗan batir mai kusurwa huɗu suke ci, mai ƙarfin bolt 9. Idan ya fara rauni na'urar ba ta mutuwa gaba ɗaya, jinta ne ke raguwa, kuma nan haɗarin yake, don mai riƙe da ita yana ganin fitila a kunne ya ɗauka komai daidai ne. Shi ya sa muka ɗinka wa kuben ƙaramin aljihu na batirin ajiya, muka kuma kafa al'ada: kafin a fara tare mutane, a gwada ta da makulli a tazarar da aka saba.

Na uku shi ne ƙota. Ranar Idi yaro zai sunkuya ya miƙe ɗaruruwan lokuta yana shafa ƙafafun mutane, kafin a tayar da salla bayansa ya ƙage, daga nan kuma sai ya fara tsallake ƙasan riga. Muka samo bututun roba irin na masu aikin famfo, tsawon kamu biyu, muka tsaga bakinsa muka cusa mariƙin sikana, muka ɗaure da tsumagiyar robar tayar babur. Kada kowa ya ruɗi kansa, ƙota ba garkuwa ba ce. A Fabrairun 2015, a wurin bincike na bakin kasuwar waya abin ya tashi da yarinyar da aka ɗaura wa, kuma waɗanda suka tare ta su ne mafi kusa da ita. Abin da ke rage asara shi ne a nisanta wurin bincike daga taron jama'a, a kuma hana cunkoso a layi. Amfanin ƙota ɗaya ne, ta hana gajiya ta sa a yi aikin rabi da rabi. Ta kuma taimaka a ƙofar mata, inda 'yan agaji mata ke aiki, don an daina yawan taɓa jikin iyayenmu. Allurar hijabi da awarwaro da 'yan kunne duk suna sa ta kuka, sai da haƙuri da fara'a.

Alhamdu lillahi, hankali ya kwanta. Amma tun kafin ya kwanta wata irin na'ura ta shigo gari. A 2014 labarin zinaren Jado, can arewacin jihar Agadas a Nijar, ya karaɗe ƙasar Hausa, samari suka yi ta sayar da babura suna tafiya. A can suka san injin zinare, mai faifai a ƙasa da doguwar sanda, wanda mafi shahararsa na kamfanin Minelab ne na ƙasar Ostareliya, irin su GPX 5000. Gwamnatin Nijar ta rufe Jado a 2017. Wasu suka zarce Cadi da Sudan, wasu suka dawo gida, kaɗan da abin hannu, da yawa da gajiya kawai, wasu kuma da tsohon inji ko jabunsa a cikin buhu. Potiskum dai ba ƙasar zinare ba ce, arzikinmu shanu ne da hatsi da tirela. Sai injunan suka koma abin shaƙatawa. Bayan an kwashe amfanin gona, ranar da ba kasuwa, za ka ga samari biyu ko uku sun nufi wani kufai ko tsohon wurin cin kasuwa suna lilo da faifai a kan yashi.

Na bi su ba sau ɗaya ba, kuma wallahi abin da daɗi. Mafi yawan abin da ake tonowa murfin kwalba ne da gwangwanin madara da guntun fartanya. Amma wata rana sai ƙasa ta ba ka anini ko kwabon zamanin Turawa mai huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci a jiki, ko sisi, ko sule, kuɗin da aka daina ƙirga da su bayan naira ta shigo ranar 1 ga Janairun 1973. Na taɓa kai wa wata gwaggona anini guda, ta juya shi ta juya, ta shiga lissafa mini abin da yake saya a ƙuruciyarta, hirar da ban taɓa ji daga bakinta ba. An kuma sha kiran yaran nan gidan biki a ce ɗan kunnen amarya ya faɗi a tsakar gida, su lalubo shi cikin yashi kafin magariba.

Su ma injunan nan, ƙota da rataya ne ciwonsu. GPX ya haura kilo 2 ban da batir, kuma nauyin yana can ƙarshen sanda, awa ɗaya ya isa kafaɗa ta yi tsami. Masu kamfani suna haɗo shi da ɗamara da igiya mai talewa, amma wanda ya ci saharar Jado da wuya ya dawo da su. Muna ɗaukar tsohuwar jakar makaranta ta goyo, a sa batir a ciki, a ɗinka madauki a kafaɗar dama, a zuro robar taya daga nan zuwa tsakiyar sanda. Ana daidaita tsawonta yadda faifai zai yi shawagi dab da ƙasa ba tare da hannu ya ɗauki nauyi ba. Idan sandar ƙasa ta karye, kada a kai wa mai walda. Wani ya taɓa kawo mini nasa an yi masa kyakkyawar sanda ta ƙarfe har da fenti, inji kuwa ya ƙi yin shiru ko a sama aka ɗaga shi. Daga gwiwa zuwa ƙasa roba ko itace kawai, kuma ƙusar da ke riƙe faifai ita ma ta roba ce. In ta ɓata, a fiƙe itace mai tauri a soka.

Wayar da ta taso daga faifai a naɗe ta a jikin sanda ta kwanta lif, a kama ta da salatif ko roba, a bar ɗan sako-sako a gindi don faifai ya iya lanƙwasa. Idan tana reto, inji yakan ji motsinta ya yi ƙarar ƙarya. Ƙasan faifai kuma a yanka masa takalmi daga gefen tsohuwar jarka, don tsakuwa ta ci jarka ta bar faifai, amma a riƙa cirewa ana kakkaɓe ƙurar da ta taru a tsakani. Lokacin hunturu a sa akwatin inji cikin 'yar rigar yadi, kada a naɗe shi da leda a rana ya dahu. Takalmi mai ƙarfe a baki, da zobe a hannun da ke tona ƙasa, da wayar salula a aljihun gaba, duk abokan gaba ne. A wurin da ƙasa ta zama ja mai marmara inji yakan yi surutu saboda sinadarin ƙarfen da ke cikinta, sai a daidaita shi da ƙasar wurin kafin a fara.

Sai dai akwai abin da ya fi ƙota muhimmanci, kuma iyaye nake so su ji wannan. Yankinmu ya ga yaƙi, ƙasa kuma ba ta gama amayar da abin da aka bar mata ba. Soja ma sun daɗe suna aiki da injin ƙasa, wani hafsan Folan mai suna Józef Kosacki ya ƙera na gano nakiya a 1941, aka yi aiki da shi a yaƙin El Alamein na Masar a 1942. Duk yaron da injinsa ya yi kuka ya tona ya ga abu mai kama da kwanso ko tulun gas ko waya a binne, ya bar shi yadda yake, ya ja baya ta inda ya shigo, ya sanar da mai unguwa da jami'an tsaro. Kada kwaɗayin 'yan jari-bola ya ja shi. Maƙwabciyarmu Borno ta rasa masu tsintar ƙarfe da dama a daji, har Gwamna Babagana Zulum ya hana sana'ar a 2023. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sannan ƙasa tana da masu ita. A nemi izinin mai gona, a cike ramin da aka tona kada saniya ta karye, kuma ko kusa kada a doshi maƙabarta. Malamanmu sun karantar da mu cewa tsintuwa mai daraja cigiyarta ake yi har shekara, dukiyar mutanen da can da aka binne kuwa ana fitar da ɗaya bisa biyar, kamar yadda ya zo a Risala. A dokar ƙasa, tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa, kayan tarihi kuma akwai hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da ke kula da su.

Roƙona na ƙarshe ga kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya na unguwa ne. Sikanonin da jama'a suka yi karo-karo aka saya suna nan jibge a cikin kabad, batir ya ruɓe a cikin wasu ya cinye musu ƙafafu. A fito da su, a cire tsohon batir, a goge, a gwada, a ajiye inda ba danshi, a kuma koya wa sababbin 'yan agaji riƙonsu, tunda waɗanda suka riƙe su a wancan lokaci yanzu magidanta ne. Ba fata muke yi ba, rigakafi ne. Allah ya sa iyakar aikin da ya rage wa na'urorin nan a Yerimaram shi ne neman anini da ɗan kunnen amarya, ya zaunar da garinmu da jiharmu da ƙasarmu lafiya, amin.