Ɗumame Ya Sami Daraja a Birnin Manila

Yau ina so in ba ku labarin wani kalaci da na yi a Manila, babban birnin ƙasar Filifin, sa'ad da muka je taron malaman makaranta. 'Yan makaranta ku duba taswira, za ku ga ƙasar can gabas da Asiya, tsibirai ne sun fi 7,000. Mutanen Sifen sun mallake ta daga 1565 har 1898, sa'an nan Amurka ta karɓa, ba su sami mulkin kansu ba sai 1946.

Ran Lahadi da hantsi wata malama 'yar ƙasar ta kai ni wani ɗan gidan abinci na unguwarsu. Irinsa su kan kira shi karinderiya, ko kuwa turo-turo, watau nuna-nuna, gama tukwane ne a jere, ki ɗaga murfi ki nuna abin da ranki ya ke so. Mai abincin kuwa kowa ce mata ya ke yi Ate, watau Yaya. Lokacin an taso daga coci, gida-gida suna ta shigowa da yara da tsofaffi, sun haɗa karin kumallo da abincin rana wuri ɗaya.

To, me ku ke tsammani su ke rububinsa? Shinkafar jiya! Wallahi abin da mu kan ɓoye in baƙo ya shigo, mu ce ai ɗumame ne, shi ne nan a ke biyan kuɗi a saya. Sunansa sinangag. Na tsaya bakin murhu na ga yadda Ate ta ke yi. Ta jiƙa hannu ta marmasa shinkafar da ta kwana har ta warware sarai. Ta daka tafarnuwa mai yawa, ta zuba a mai kaɗan bisa wuta marar ƙarfi har ta yi ja, sa'an nan ta juye shinkafar, ta barbaɗa gishiri, ta iza wuta tana juyawa. Na ce, “Yaya, don me ba ki dafa sabuwa ba?” Ta yi dariya, ta ce sabuwar dahuwa da sauran ruwa a jikinta, in ta shiga mai sai ta caɓe. Wadda ta kwana ita ce ta ke tashi wara-wara.

Su kan ɗora mata soyayyen ƙwai, shi ne itlog, da nama ko kifi a gefe. In naman shanu ne da aka yanyanka fale-fale aka jiƙa aka soya, tapa ke nan, sai a haɗa sunayen uku a ce tapsilog. Akwai kuma wani ruwan tsami na rake ko na kwakwa da a ke tsoma nama a ciki don kashe maiƙo. Suka su ke ce masa, amma ba irin sukar da kishiyoyi su ke yi ba.

Sai dai ku saurara da kyau, duk wadda Allah ya nufa da zuwa. Yawancin mutanen ƙasar Kirista ne, naman alade kuwa ya shiga cikin abincinsu ƙwarai. Na ga wani jan nama yana sheƙi, har na miƙa yatsa zan nuna, sai malamar ta riƙe mini hannu, ta ce tosino ne, alade ne. Na koma kan kifi, na tambaya ko kaskonsa dabam ne. Ate ba ta ɓoye mini ba, ta ce kasko ɗaya ne, mai ɗaya. Na ji nauyi ƙwarai, ga yunwa, ga idon mutane, amma na ce ta yi mini gafara. Ranar da ɗan burodinsu pandesal da gahawa na karya. Ba ta ji haushi ba ko kaɗan, har ta ƙara mini mangwaro.

Kashegari malamar ta ce sai ta fanshe. Muka shiga jifni, watau doguwar motar hayarsu mai ado, muka nufi unguwar Kiyafo, inda Masallacin Zinariya ya ke, wanda aka gina a 1976. Kewaye da shi Musulmi ne 'yan kudancin ƙasar, masu sayar da abincin halal. Nan na ci pastil, shinkafa ce da zazzagaggen naman kaza naɗe cikin ganyen ayaba. Aka kawo mini romon kaza, na leƙa kwano, sai ga zogale! Malunggay su ke ce masa. Miyarsu mai tsami, sinigang, ita kuma da tsamiya a kan yi ta.

Da na komo gida na gwada sinangag da shinkafar da ta rage mana da dare, da man gyada da ƙwai biyu. Maigida ya cinye, ya tambaya ko da saura. Abu ɗaya zan ja muku kunne, ƙasarmu da zafi, kada ku bar shinkafa ta kwana a tukunya bisa murhu. Ku baza ta a faranti ta huce da wuri, ku sa a firji. Wadda ta fara yauƙi ko wari, zubar da ita za ku yi, tafarnuwa ba ta gyara ta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.