Abin Da Ke Cikin Haƙorin Famfara

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in faɗa wa 'yan'uwa wani abu da na karanta game da haƙori, wanda ya ba ni mamaki, kuma ya sa ni tsoro.

Kowa ya san yaro yana da haƙoran nono 20, in ya kai shekara shida ya fara famfara, mu kuwa sai mu ce ya jefa su kan rufin ɗaki. To, ashe a cikin kowane haƙori akwai wani ɗan kogo mai tsoka da jini da jijiya. A cikin tsokar nan akwai waɗansu ƙwayoyin halitta ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita. Su ba su riga sun zama ƙashi ko jijiya ba tukuna, amma in an kiwata su suna yaɗuwa, su rikiɗa su zama ɗaya daga ciki. Don haka ake kiransu ƙwayoyin tushe.

A 2000 waɗansu masana biyu a Amurka, Gronthos da Songtao Shi, suka bayyana cewa sun samo su a haƙoran manya. A 2003 Shi da abokan aikinsa suka same su a haƙorin famfara, mafarin abin kuwa haƙorin 'yarsa ne da ya faɗi. Suka ga na yara sun fi na manya saurin yaɗuwa.

Ga abin da aka gwada a jikin mutane. A 2009 likitocin Italiya sun cike ramin da ya rage a muƙamuƙi bayan an cire turmin ƙarshe, da ƙwayoyin haƙorin mai shi, ƙashi ya tsiro. A 2018 kuma aka ba da labarin gwaji a Shiyan ta ƙasar Sin, kan yara 40 waɗanda haƙorinsu na gaba ya mutu saboda rauni. Aka sa wa 30 daga ciki ƙwayoyin haƙoransu na nono, tsokar ta sāke rayuwa da jini da jijiya, har haƙorin ya koma jin zafi da sanyi. Wannan aiki ne babba, Allah Ya saka musu.

Amma jama'a, ga inda tsorona yake. A Ingila da Amurka akwai kamfanoni masu karɓar kuɗi su ajiye haƙoran yara cikin sanyi mai tsanani, awo 196 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa, waɗansunsu suna kwaɗaita wa iyaye cewa wata rana za a warkar da ciwon sukari da shi. Har yau ba a tabbatar da wannan ba. Ni aikina lissafi ne a ofis, na kuwa san bashi ba ya zama kuɗi sai ya shigo hannu. Gwaji kan mutum 40 alkawari ne, bai zama magani ga kowa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne amosanin jini, wato sikila, wadda ta addabi gidaje da yawa a ƙasarmu. Gaskiya ne ana warkar da ita da dashen ɓargo, an ma yi na farko a Nijeriya a Binin a 2011. Amma ƙwayoyin ɓargo su ke yin jini, na haƙori ba su yinsa. Ranar da wani ya zo ya ce wa uban yaro mai sikila ya sayar da gona don allurar ƙwayoyin haƙori, to ku sani macuci ne. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, shi ya sa wajibi ne masu karatu su faɗa wa waɗanda ba su yi ba.

Shawarata ita ce mu yi murna da ilmin nan, mu sa ido mu ga inda zai kai, mu kuma riƙe asuwaki da zuwa wurin likita da wuri, gama haƙorin da ke baki ya fi wanda za a tsirar. Allah Ya ba mu lafiya, amin.

Haza wassalam.

Naka,
Wani Akawu, Zariya.